Randar Da Ba Ta Haye Gada Ba

Kakana yana da yatsa ɗaya da ya fi shi suna. Babban yatsansa ne na dama, farcen a tsage gida biyu tun yana saurayi, ranar da gatari ya kuskure itace ya same shi, kuma bai sake haɗewa ba har ya koma ga Allah. Duk randar da ya gina, idan ta kwana ɗaya ta sha iska, sai ya danna yatsan nan a kafaɗarta, ƙasa da baki kaɗan. Wurin ya lotsa, tsagin farcen ya bar siririn layi a tsakiya. Matan da suka san kaya ba da ido suke sayen randa ba. Hannu suke zagayawa da shi a wuyanta, in sun ji lotsawar nan da layinta sai su rage dogon ciniki.

Mutane suna ce masa Mai Randa. Ni Tsoho nake ce masa, shi kuma ya ce mini Sarkin Yawo, kuma ba ƙarya ya yi mini ba. A hannunsa na tashi, shi da kakata Iya, don iyayena sun rasu ban yi wayo ba. Na yi makaranta har aji uku na sakandare, daga nan muka rabu da ita ba faɗa ba gaba, kowa ya gaji da ɗan'uwansa ne kawai. Na gwada ɗinki, na gwada aski, na gwada gyaran waya, a ƙarshe na tsaya a kan babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, don shi kaɗai ne aikin da ake yaba wa mutum saboda ya ƙi zama wuri ɗaya. Ginin tukwane kam sau ɗaya na gwada. Tsoho ya juya abin da na gina hagu da dama, ya ce in kai wa kaji, in sun yarda sun sha ruwa a ciki zai ci gaba da koya mini. Ashe kajin ma mutanensa ne.

A kasuwannin nesa ba sunan Tsoho ake kira ba, sunan ƙauyenmu ake kira. Mutum bai taɓa taka garin ba, bai san gabas yake ko yamma ba, amma zai tsaya gaban mai tukwane ya ce randar garinmu yake so. Dalilin yana bayan gari, cikin wani rami a gindin tudu, inda ake haƙo yumɓu mai ruwan toka. In an jiƙa shi kwana uku, an tattake da ƙafa, an haɗa da dakakken tsingaro na fasassun tukwane, aka gina, aka toya a hankali da kara da busasshiyar ciyawa, sai randar ta riƙa gumi a jikinta, ruwan ciki ya yi sanyi har haƙori ya amsa. Gida goma sha tara ne ke wannan sana'a a garin, kuma rabinsu a rumfar Tsoho suka koya.

Sai wasu suka gano cewa suna ya fi yumɓu sauƙin ɗauka. A hayin kogi, da zarar ka sauka daga gada, akwai wani magini da muke ce wa Mai Taya, don da tsofaffin tayoyin mota yake toya kayansa wuta ta ci da wuri. Yakan sayi yumɓunmu buhu ɗaya, ya haɗa da jar ƙasa buhu uku, ya kai kasuwa da sunan garinmu. Ruwan ciki sai warin roba, wata biyu randar ta tsage. Wata rana wata mata ta dire tsagaggiyar randa a gaban Tsoho a kasuwa, ta ce ga aikin garinku nan. Ya laluba kafaɗar, babu yatsa, ya nuna mata. Ta ce ita ba ta san yatsa ba, gari ta sani. Ranar ko kallon abinci bai yi ba.

Daga nan maginan suka kafa ƙungiya. Suka naɗa Dogo sakatare, wani tsohon yaron Tsoho da ya yi shekara bakwai yana tattaka masa yumɓu kafin ya buɗe tasa rumfar. Dogo ya yi ta sintiri har aka turo mana wata ma'aikaciya daga ofishin rajista, mai tabarau da jakar takardu da takalmin da ba na shiga laka ba. Malama muke ce mata. Aka zauna a rumfar Tsoho, ni ma na zauna, don a gidanmu ni ne mai boko, abin da ya ishe ka ka gane halin da gidan yake ciki.

Malama ta ce takarda biyu ce ta kawo maganarsu, kuma kada mu haɗa su wuri ɗaya don ba jinsi ɗaya ba ne. Ta farko ita ce ta alamar kasuwanci. Ta ɗauki randa ta sa yatsanta a lotsawar, ta ce wannan alama tana gaya wa mai saye wane ne ya yi kayan. In an yi mata rajista ta zama mallakar Tsoho shi kaɗai, kamar kekensa. Ya ga dama ya sayar, ya ga dama ya ba da aro, ya bar wa magada, ya koma da ita wani gari ya ci gaba da aiki, sai dai duk bayan wasu shekaru a je a sabunta. Ta biyu kuwa ta sunan wuri ce. Ita ba ta faɗin wane ya yi, tana faɗin inda aka yi ne, da cewa kyan kayan daga wurin ya samo asali. Ba ta mutum ɗaya ba ce. Duk wanda yake cikin iyakar da aka zana, yake aiki bisa ƙa'idar da aka rubuta, yana da ikon sa sunan a kayansa, ko jiya ya fara. Wanda yake waje ba shi da iko.

Na ɗaga hannu kamar ɗan aji, na ce to in na tattara su duka goma sha taran na lallaɓa su suka sayar mini da sunan fa? Ta yi dariya ta ce ko sun so ba za su iya miƙa mini shi in tafi da shi ba.

"Ta farko a aljihu take tafiya," in ji ta. "Ta biyu a ƙasa take kwana."

Ni sai na raɗa musu suna, takardar yatsa da takardar ƙasa, kuma har yau haka ake ce musu a garin. Tsoho ya ce takardar ƙasa ya gane amfaninta, amma ta yatsa ɓata tawada ce, wa zai saci yatsan mutum yana manne da hannunsa? Gwaggo, 'yarsa da take aure a hayin kogi, ita ta matsa masa har ya yarda aka yi.

Washegari aka fita zana iyaka. Tsoho a gaba da sandarsa, Malama a baya da wata na'ura a hannu tana danna ta a kowace kusurwa, takalman nan kuwa sun riga sun yi sallama da duniya. Aka zagaye tudu, aka bi ta bayan makaranta, aka gangaro bakin kogi. A gindin gada ta tsaya. Ta ce akwai abin da ya kamata su yi tunani a kai. A wasu wuraren, in dai kayan aikin daga cikin iyaka aka samo, ana yarda a ƙarasa wani sashe na aikin a waje. Su me suke so a rubuta? Daga inda muke tsaye ana hango baƙin hayaƙin Mai Taya yana tashi.

Tsoho ya ja layi da sandarsa a bakin gadar. Ya ce haƙa a ciki, gini a ciki, tuya a ciki. Malama ta ce ya tabbata? Abin da aka rubuta yau zai hau kan kowa, kuma layi ba ya gane fuska.

"Rubuta, 'yata," ya ce. "Randar da ta haye gadar nan ɗanya, ba tamu ba ce."

Ta rubuta. Ni na karanta wa taro a fili, ina tuntuɓe da manyan kalmomi, kowa ya dangwala hannu. Da takardar ta fito aka yi wa ƙungiya hatimi. Duk wanda ya sauke tuya, Dogo zai zo ya ƙwanƙwasa randunan ɗaya bayan ɗaya yana karkata kunne, wadda ta yi amo mai kyau ya buga mata hatimin da baƙin fenti a ƙarƙashin baki. Shekara shida ana haka. Mai Taya ya koma sayar da kayansa da sunan kansa. Tsoho ya yi ƙiba kaɗan, abin da ban taɓa gani ba, ina tsokanarsa cewa ya fara kama da abin da yake ginawa.

Gidanmu yana layin ƙasa ne, na ƙarshe kafin kogi. Kowace damina ruwa yakan ɗan ci gaɓa ya koma, mun saba. A damina ta bakwai bai koma ba. Wata Talata da hantsi, rana tana haske, ƙasa ta fara zubewa daga bayan matoya, wurin da ake toya randuna. Muka fitar da abin da hannu zai iya ɗauka. Kafin azahar matoyar ta tafi, rumfa ta bi ta, sannan ɗakin Iya ya durƙusa a hankali kamar raƙumi ya shige ruwa da gadonta a ciki. Iya tana tsaye a bakin hanya da tabarma a hamata tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Kwana huɗu bayan haka ta faɗi a tsakar gidan maƙwabta, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Gwaggo ta kwashe su zuwa gidanta a hayi, kusa da asibitin da ake duba Iya. Ɗaki ɗaya aka ba su, mai taga ta baya. In ka leƙa ta tagar nan, ga kogi, ga gada, ga tudun da ramin yumɓu yake gindinsa. A babur ɗina minti goma ne, in na ga dama bakwai.

Tsoho ba mutumin zama ba ne, a nan kaɗai muka yi kama. Wata guda da komawa ya ce in kawo masa yumɓu. Na kawo. Ya jiƙa a bayan gidan Gwaggo, ya tattake da ƙafafunsa da suka fara rawa, ya kafa kujera inda zai riƙa ganin Iya ta taga yana gini. Don Iya ta fito da wani hali: ba ta karɓar abinci daga hannun kowa sai nasa. Gwaggo ta kawo cokali ta kawar da kai, ni na kawo ta harare ni da idon da ya rage mata, shi ya wanke laka ya zo ta buɗe baki. Randa goma sha biyu ya gina, ya danna wa kowacce yatsa, ya toya da kara da ciyawa a fili bayan gida. Da suka huce na ƙwanƙwasa ɗaya, amon nan dai shi ne. Ya ce in je in gaya wa Dogo an sauke tuya.

Dogo bai zo ranar ba. Bai zo washegari ba. A rana ta uku ya zo da 'yar leda ta lemo ga Iya, ya durƙusa ya gaishe da Tsoho, ya tambayi jiki, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya sake komawa kan jiki. Ni na lura aljihun rigarsa na gaba, inda hatimin yake zama, a shafe yake. Tsoho ya nuna masa randunan. Dogo ya bi su ɗaya ɗaya yana ƙwanƙwasawa, har ta goma sha biyu, ya ce Baba ko a da ba su fi haka ba. Sannan ya tsaya yana kallon ƙasa, duk tsawonsa ya zama masa kaya.

Tsoho ya ce to?

"Baba, nan hayi ne."

Na ga lokacin da maganar ta isa. Tsoho ya juya ya kalli gada ta saman katanga, ya daɗe. Ni bakina ya riga hankalina, na ce haba Dogo, mutumin da ya koya maka riƙe laka, yumɓu na garin, hannu na garin, har tarin da yake yi na garin ne, saboda minti goma? Dogo ya ce in ya buga wa waɗannan, gobe Mai Taya zai zo da nasa, yumɓu ɗaya, hayi ɗaya, me zai ce masa? Na buɗe baki zan ƙara, Tsoho ya ce in yi shiru. Ya tambayi Dogo wa ya faɗi kalmar da aka rubuta ranar zana iyaka. Dogo ya juya zai tafi. Tsoho ya ce ya gaida gida.

Dogo ya ba shi wuri a rumfarsa, ya ce ya riƙa zuwa yana aiki a ciki. Muka gwada. Da safe in ɗora shi a bayan babur a kan buhu, in haye da shi, da la'asar in dawo da shi. Amma randa ba ta son a bar ta, tana so a juya ta, a rufe, a buɗe, a duba iska. Iya ma haka. Rana ta farko muka tarar da kwanonta yadda Gwaggo ta ajiye. Rana ta biyu haka. A ta uku Gwaggo ta tare mu a ƙofa ta ce Baba ka zaɓa, ko laka ko uwata. Bai sake ce mini in tayar da babur ba.

Na kai randunan nan goma sha biyu kasuwa ba hatimi. Tsofaffin masu saye suka laluba suka ji yatsa, suka ɗauka ba musu. Sababbi kuwa hatimi suke nema, don shekara shida mu da kanmu muna koya musu cewa wadda ba ta da shi jabu ce. Wata yarinya ta tambaye ni ko na garin ne. Na ce yumɓun na garin ne, maginin ma na garin ne, ya fi garin tsufa. Ta ce to na garin ne ko ba na garin ba ne? Na ce mata na Mai Randa ne. Da na dawo Tsoho ya tambaye ni me na ce musu. Na gaya masa. Ya ce daidai, kada in ƙara komai a kai.

A cikin wannan hali wani mai masana'antar tukwanen furanni ya zo da mota har ƙofar Gwaggo. Ya ji labarin takardar yatsa, yana so ya saya. Za a zana lotsawar a jikin ƙarfe, injin ya riƙa dannawa a kan kayansa. Ya yi bayani tiryan-tiryan cewa doka ta yarda, kuma gaskiya ya faɗa, Malama ma haka ta ce. Tsoho ya saurare shi har ƙarshe, ya tambaye shi ko yana da ɗayar takardar ya musanya masa. Mutumin ya ce wannan ai ba a sayar da ita. Tsoho ya ce ya sani, so yake ya ji ko an canza. Ya sa na raka shi mota da randa ɗaya kyauta.

Maginan garin abin ya tsaya musu a rai. Suna wucewa ta gada su hango shi a bayan gida sai su sunkuyar da kai. A ƙarshe suka kira taro, aka gayyato Malama, aka ce in kawo Tsoho na awa ɗaya. Ta ce ana iya neman a gyara ƙa'ida in ƙungiya ta yarda kuma an nuna dalili, amma ba a gyara ta da sunan mutum. In layi ya haye kogi, ya haye wa duk wanda yake can kuma ya cika sharuɗɗa. Wani ya ce to a haye ɗin, Mai Taya ma ai ya tsufa. Wani ya ce 'ya'yansa fa, da masana'antar da ake ginawa bayan asibiti, wa zai riƙa bin su yana duba me suke cusawa a wuta? Aka yi ta ja. Na ga hannuwa sun fara ɗagawa, ba don sun gamsu ba, don kunyarsa. Na ƙirga goma sha ɗaya, sun fi rabi.

Tsoho ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ya ce su sauke hannuwansu. Ya ce ranar da ya ja layin nan don Mai Taya ya ja, da haushi ya ja, kuma da ya san ruwa zai kore shi da wataƙila ya yi wa bakinsa linzami. Amma layin ya riƙe gida goma sha tara shekara shida, ba zai zama shi ne ya fara tsallake shi ba.

"Ku bar shi inda yake," ya ce. "Ni ne na matsa, ba shi ba."

A hanyar komawa ban yi masa wasa ko ɗaya ba. Shi ne ma ya ce yau Sarkin Yawo ya haɗiye rediyonsa.

Shekara biyu da rabi ya yi yana gini a bayan gidan Gwaggo, ido ɗaya a laka ɗaya a taga. Randunan sun riƙa raguwa, daga goma sha biyu zuwa takwas, zuwa biyar. Iya ta rasu a farkon bazara, da rana, cokali yana hannunsa. Bayan an share makoki ya zauna kwanaki ba ya taɓa laka. Wata safiya na zo zan fita aiki na same shi zaune a kan buhu a bayan babur, da sandarsa da ɗan katakon da yake bugun randa da shi. Ya ce yanzu babu mai jiransa da kwano.

Dogo ya share masa tsakiyar rumfa, ya kawo yumɓun da ya riga ya jiƙu. Tsoho ya wuni a kan randa ɗaya. Yana yi yana tsayawa ya huta, ba wanda ya ce bari in taimaka, don kowa yana son kansa da lafiya. Da la'asar ta tsaya da ƙafarta, matsakaiciya, kafaɗa a cike, baki daidai. Ya rufe ta da jiƙaƙƙen buhu ya ce gobe in ta sha iska zai zo ya sa yatsa. A babur yana ta ba ni labarin yadda ramin yumɓu yake lokacin da yake yaro, har na rage gudu don kada mu isa da wuri.

Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙirji ya riƙe. Dogo ya riƙa yayyafa wa buhun ruwa safe da yamma don kada randar ta bushe ta ƙi karɓar yatsa. Kwana biyu, uku, biyar. A na shida ya same ni a tasha ya ce ba za ta ƙara jira ba, gindinta ya fara tauri, in aka ci gaba da jiƙa sama za ta tsage. Likita kuwa ya ce kada a motsa Tsoho ko zuwa ƙofar gida.

Ni na ga abin da sauƙi. Na shimfiɗa katifa a bayan babur, na tara ciyawa, na ce zan ɗauko ta a hankali kamar ƙwai in kawo masa bakin gado, ya danna, in mayar. Minti ashirin, ba wanda zai sani. Dogo ya kawar da kai ya ce shi bai ji ba, bai gani ba. Na shiga ɗaki da murnata na gaya wa Tsoho. Yana kwance yana fuskantar tagar. Ya sa na maimaita. Sannan ya tambaye ni randar ta toyu ne ko ɗanya ce.

Na ce ɗanya ce mana, in ta toyu yatsa zai shiga ne?

"To kada ta haye gada."

Na ce Tsoho, ba gini za ka yi ba, dannawa ce kawai. Ya ce dannawar ita ce ƙarshen gini. Na ce to za ta fita ba yatsanka. Ya ɗaga hannun ya kalli farcen nan kamar yau ya fara ganinsa, ya ce masu yatsa ba hatimi suna nan birjik a gidajen mutane, shekara biyu da rabi yana yin su. Wannan ta garin yake so ta zama. Na yi niyyar in yi masa wasa, in ce sai ka ce wani babban alƙali, amma sai na fita na sauke katifar daga babur.

Kwana uku bayan nan ya rasu.

Takardar yatsa ta faɗo a gado, Gwaggo ta ce in riƙe. Kafin a sa randar a wuta Dogo ya kira ni gefe, ya ce tunda alamar tamu ce yanzu, in ina so a ɗan jiƙa kafaɗar in danna nawa, a ja layi da tsinke, doka ba za ta ce komai ba. Na kalli yatsana, sumul, farce lafiya lau, yatsan da bai san komai ba sai hon ɗin babur. Na ce a bar ta.

Aka toya ta tare da kayan Dogo. Da ta huce ya ƙwanƙwasa, ya karkata kunne ya fi yadda ya saba daɗewa, sannan ya ciro hatimin daga aljihu ya buga. Ni na haye da ita gada, a kan katifar nan da ciyawar nan, tafiyar minti goma na yi ta a rabin awa. Tana ɗakin da Tsoho da Iya suka zauna, ƙarƙashin taga. Baƙi in sun zo shan ruwa sukan zagaya hannu a wuyanta bisa sabo, su laluba, su sake lalubawa, su tambaya wa ya gina wannan. Gwaggo takan nuna musu hatimin.